Firam ɗin Uwar Kwalabe

Shekara ashirin da bakwai ta yi a ɗaki ɗaya, wani ɗaki marar taga a ƙarshen barandar sashen bincike, inda sai mutum ya tuɓe takalminsa ya sa na roba kafin ya shiga. Aikinta kiwo ne, sai dai abin da take kiwon ido ba ya ganinsa. Ƙwayoyin halitta ne, irin waɗanda aka gina jikin mutum da su, an ciro su daga tsiron ciwon daji ana rainonsu a cikin kwalabe masu faɗin ciki. Litinin da Laraba da Juma'a take sake musu ruwan da suke ci, wani ruwa mai launin hoda. In ya fara komawa rawaya ta san sun ci sun ƙoshi sun ɓata wurin. Ta sake, ta mayar da su akwatin ɗumi, wanda zafinsa daidai yake da na jikin mai lafiya. Ɗalibai ne suka raɗa mata Uwar Kwalabe. Sunan ya bi ta har gida, har mijinta, wani tela mai yawan barkwanci, in yana jin tsokana da shi yake kiranta.

Ba ta yi digiri ba. Ta samu takardar ma'aikaciyar ɗakin gwaji, tana shirin ci gaba mahaifiyarta ta kwanta ciwo, aka duba cikin 'ya'ya ba a ga mai zaman jinya ba sai ita. Jinyar ta ci shekara huɗu, kuma kafin a ce haka karatu ya yi mata nisa. Ba ta cika tayar da zancen ba. Amma abin yana nan, don duk ranar da wani ya shigo da digirinsa a hammata ya kasa riƙe bututun awo daidai, takan gyara masa yatsu ba ta ko kalli fuskarsa ba.

Mai ɗakin shi ne Farfesa, dogon mutum mai sanyin murya, wanda in ya yi maka magana sai ka ji kamar kai kaɗai ya sani a duniya. Abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai wani ɗan abu ne da ke zaune a fatar ƙwayar halitta ta waje, ana ce masa enzayim. Uwar Kwalabe ta ji yana yi wa baƙi bayaninsa har ta haddace. Enzayim ma'aikaci ne, aikinsa ya kama wani sinadari ya datse shi ya mayar da shi wani daban. In ƙwaya ta ji rauni, takan zubar da wani sinadari da sojojin jiki ke ji kamar ihu, su rugo wurin. Wannan enzayim na fata shi ke kama ihun ya datse shi, abin da ya rage kuma ya sa sojojin su sassauta, su fara gyangyaɗi. A jikin mai lafiya rahama ce, don ba don shi ba kumburi ba zai saɓe ba, sojoji su yi ta faɗa har su rushe gidan da suka zo tsaro. Amma ƙwayoyin daji sun gano lagon. Sukan jera enzayim ɗin a fatarsu fiye da kima, sojoji su zo a fusace su ɓige da barci a bakin ƙofa, su kuwa su yi ta hayayyafa abinsu. Farfesa yana son ya nuna cewa ƙwayoyin da suka fi yawan enzayim ɗin su suka fi saurin yaɗuwa a gaban sojoji. Don haka kullum sai an auna shi, kuma mai awon ita ce.

To, kafin a auna sai an ɗaga ƙwayoyin daga gindin kwalba, don mannewa suke kamar ƙanzo a tukunya. Akwai wani babban littafi mai baƙin bango a kan kanta, littafin ƙa'idoji, kowane shafi da sa hannun Farfesa a ƙasa. Ƙa'ida ta bakwai ta ce a zuba wani ruwa mai suna tirifsin, a jira minti biyar, ƙwayoyin za su saki. Suna saki kuwa. Tirifsin shi ma enzayim ne, aikinsa yanka, yana tsinke 'yan igiyoyin da ƙwayoyin suka kama gindin kwalba da su. Ita wanzami take ce masa.

A shekararta ta uku wanzami ya ƙare wata Laraba, ga awo yana jira. Ta rasa yadda za ta yi, sai ta zuba ruwan gishiri mai sanyi, ta jira kwatan awa, ta ɗauki kwalbar ta bubbuga gefenta da gindin tafin hannu sau uku. Ƙwayoyin suka saki, a hankali, ba tare da an tsinke musu komai ba. Da ta auna, lambobin da suka saba fitowa 'yan ƙanana masu tsalle-tsalle suka fito manya, kuma a daidaice. Ta sake gwadawa sau biyar cikin watan, haka. Nan ta gane cewa wanzami ba ya tantance igiya da enzayim, duk abin da ya samu a fata askewa yake. Kafin gobe ya sake tsirowa, amma awon ai a ranar ake yinsa.

Ta tari Farfesa a kan matakala, yana saukowa da jaka zai yi tafiya, ta faɗa masa. Ya tsaya ya saurare ta da ido ɗaya a kan agogo.

"Yi yadda hannunki ya ga ya fi, ni dai lambobi masu kyau nake so," in ji shi. "Amma kar a taɓa min littafi."

Ko bai faɗa ba ba za ta taɓa ba. A ɗakin nan wanda bai kai dakta ba ba ya sa biro a littafin ƙa'idoji, haka ta tarar, haka kowa ya tarar. Abin da aka ba irinta shi ne takardar aikin yini, mai tambaya ɗaya a ƙasa, ko an bi ƙa'ida, da ɗan gurbi ɗaya na yin maki. Babu gurbin a'a, babu layin bayani. Wanda ya tsara takardar bai taɓa kawowa a ransa cewa mai wanke kwalba zai iya samun abin faɗa ba. Sai ta riƙa yin makin tana sa hannu. Ta yi haka shekara ashirin da huɗu.

Lambobin nan masu kyau su suka ɗaga Farfesa. Takarda bayan takarda tana fita a mujallun masana, sunayen marubuta jere a sama, a can ƙarshe kuma da ƙananan haruffa a ce ana godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji. Ma'aikatan kuwa ita ce, sai mai shara. Abin da take so bai taka kara ya karya ba, sunanta take so ta gani a jerin nan na sama, ko da na ƙarshe ne, sau ɗaya tak. Farfesa da bakinsa ya yi mata alkawari, ba ita ta roƙa ba. Ya ce in babbar takarda ta tashi fita, sunanta ne na huɗu.

Ranar da ta kai labarin gida, Tela ya ajiye rigar mutane rabin ɗinki ya fita. Ya dawo da firam mai gilashi, baƙin katako da siririn zare mai ruwan zinariya a gefe. Ta ce ya cika gaggawa, ba a haifi ɗa ba ya ɗinka masa riga. Ya ce ai sana'arsa ke nan. Ya naɗe firam ɗin a ragowar yadi ya tura bayan kabad.

Babbar takarda ta fito da suna bakwai. Na huɗu wani ɗalibi ne da sau biyu yana barin fumfuna ta cinye mata kwalabe. Ta shiga ofishin Farfesa zuciyarta na tafasa. Ya miƙe tsaye, ya jawo mata kujera da kansa, ya tambayi lafiyar Tela da ta Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ya ce masu mujallar ne suka kawo wata ƙa'ida, ya ce Allah ya sani ita ce ƙashin bayan ɗakin nan, ya ce ta gaba ba fashi. Ta fito tana yi masa godiya. Sai da ta kai ƙarshen baranda ta tuna da abin da ya kai ta. Haka aka yi a ta gaba, da ta gaban ta gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma abin haushin kurar ce ke fitowa tana cewa an gode.

Ita da kanta ta gano sunan ciwon. Ta ce wa Tela ai Farfesa ma yana da enzayim ɗin a fatarsa, ka shiga da ihu ka fito kana hamma. Tela ya yi dariya har ya soke yatsa da allura. Ita ba ta yi ba.

Shekara sha ɗaya firam yana bayan kabad. A cikinsu Auta ta gama karatun jinya ta kama aiki, yanar ido kuma ta rufe wa Tela ido ɗaya ta fara taɓa ɗayan. Ya daina ɗinkin ado, ya koma faci da rage tsawo. Rubutu sai manyan haruffa yake gani, su ma sai ya kai takarda kusa da hanci, Turanci kuwa dama bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Amma duk sanda aka ja kabad za a yi shara, sai ya ce a yi hankali da kayan Uwar Kwalabe.

Saura wata takwas ta yi ritaya allura ta tono garma. Wasiƙu suka fara zuwa daga wasu ɗakunan bincike, suna cewa sun bi hanyar da Farfesa ya rubuta a takardunsa, tirifsin da minti biyar, ba su ga ko rabin lambobinsa ba. Aka fara raɗe-raɗin ƙirƙirar lambobin aka yi. Aka kafa kwamiti, aka kawo wani Sabon Dakta ya maimaita awon da hannunsa. Ita ba wanda ya faɗa mata, don irinta ba sa shiga taro. Ta dai ga Farfesa ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa, ta kuma ga baƙo a kan kujerarta ya buɗe littafin baƙin bango a shafi na bakwai.

Sabon Dakta mutum ne mai ladabi, Mama yake ce mata. Ta tsaya a bayansa tana kallo yana zuba tirifsin, yana duba agogo, yana auna, yana tsaki. Kwana uku tana haɗiye maganar. A na huɗu ta kasa.

"Dakta, ai ka aske su. Me za ka samu a kan da aka yi wa ƙwal?"

Ya juyo ya tambaye ta me take nufi, ta faɗa masa duka. Sai ya ce in haka ne sai ta maimaita a gaban kwamiti, amma ta yi tunani tukuna, don takardun aikin yini duk suna hannunsu.

Ta yi tunanin a gida. Tela ya ce wata takwas kamar yau ne, in ta ja bakinta wa zai ce mata don me. Ta ce in ta yi shiru za a rufe ɗakin, a zuba wa kwalaben ruwan kashe ƙwayoyi a malalar a kwatami. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Can ƙasan ranta wani lissafi take yi. In ta nuna, dole a rubuta sabuwar hanya, in kuwa za a rubuta ta dole a faɗi mai ita. A wannan karon babu ƙofar da za a bi a zagaye sunanta. Shekarunta hamsin da tara, amma a nan ta yi tunani irin na yara.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutum biyar suka shigo ɗakin nata da takalman roba, Shugabar kwamiti a gaba, wata mace mai tabarau da ba ta ɓata kalma. Uwar Kwalabe ta fito da kwalabe biyu masu ƙwayoyi iri ɗaya. Ɗaya ta zuba mata wanzami, ɗaya ruwan sanyi. Ta jira, ta bubbuga sau uku, Sabon Dakta ya auna. Ta farko ta ba da lambobin masu wasiƙu, ta biyu ta ba da na Farfesa. Ta ji Farfesa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya a bayanta.

Shugabar ta tambaya wa ya ba ta izinin sauya ƙa'ida. Uwar Kwalabe ta juya ta kalli Farfesa. Ya sunkuyar da kai ya taɓa goshi kamar mai lalube, ya ce shi dai gaskiya bai tuna an taɓa yin wannan magana da shi ba. Wataƙila ma bai tuna ɗin ba, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan a ce ƙarya ya yi. Maganar da ta rayu a kanta shekara ashirin da huɗu, shi a kan matakalar ya bar ta.

Shugabar ta buɗe wani kwali cike da takardun aikin yini, ta zaro ɗaya.

"Wannan sa hannunki ne?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"Kin yi maki cewa kin bi ƙa'ida. Kin bi?"

"Ban bi ba. Da na bi, da babu abin da za ku zo dubawa yau."

Sakataren kwamiti ya rubuta rabin farko na maganar, ta ga biron nasa ya tsaya kafin ta kai ƙarshe.

Aka wanke Farfesa tas. Cikin wata biyu ƙibarsa ta dawo. Aka ja layi a kan ƙa'ida ta bakwai aka rubuta sabuwa, ruwan sanyi, kwata, bugu uku, da sunan Farfesa a kanta. Shi da Sabon Dakta suka shirya takarda a kan yadda tirifsin ke aske enzayim ɗin fata ya ɓata awo. Sabon Dakta ya sa ta koya masa bugun, ya kasa, ya yi ta yi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, daga ƙarshe ya ɗauki hoton hannunta yana yi, daga wuyan hannu zuwa yatsu. Don Allah a ba shi haƙƙinsa, ya rubuta sunanta a jerin marubuta. Ofishin shugaban sashe ya dawo da takardar an soke sunan, wai wanda kwamiti ya samu da laifin cika takardun aiki ba daidai ba ba ya shiga jerin marubuta. Da ya zo faɗa mata ya kasa haɗa ido da ita.

Hukuncin a allon sanarwa ta gan shi, wata Juma'a da safe, shafi ɗaya da tambarin cibiyar a sama. An ce an same ta da saɓa wa ƙa'ida da sa hannu a kan abin da ba ta yi ba, an kuma sallame ta daga ranar, ba sai wata biyar ɗin da suka rage sun cika ba. A ƙarƙashin tambarin ga sunanta da manyan baƙaƙen haruffa, cikakke, har da na mahaifinta. Katin aikinta shekara ashirin da bakwai yana ɗauke da sunan da kuskuren harafi ɗaya, ta kai ƙorafi har ta gaji. A nan kam an rubuta shi daidai.

Juma'a ce, don haka ta shiga ta sake wa ƙwayoyin ruwa, kwalba goma sha shida, don su ba su yi mata komai ba. Ta rataye farar rigarta, ta jera takalman roba. A kan matakala ta yi kiciɓis da Farfesa. Ya tsaya, ya sassauta murya, ya ce Allah ya sani ita ce ƙashin bayan ɗakin nan, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ta jira hammar ta zo, ba ta zo ba. Ta ce ya ba ta hanya. Ta wuce allon sanarwa ta zare ƙusoshin nan huɗu, ta sa takardar a jaka ba tare da ta ninke ta ba.

Ta iso gida da rana tsaka, abin da ba ta saba ba. Tela yana zaune a baranda yana farke ƙafar wando. Tun daga ƙofa take shirya yadda za ta faɗa masa, amma da ta buɗe jaka ya hango tambari, ya miƙo hannu. Ya kai takardar kusa da hanci, ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana furta su a hankali har ya kai sunan mahaifinta. Ya sake bi daga farko.

"Ke kaɗai ma? Babu sauran?"

"Ni kaɗai," ta ce.

Ya miƙe ya shige ɗaki, ta ji ƙarar kabad yana ja shi kaɗai. Ta bi shi da niyyar ta tsayar da shi, ta tarar ya warware ragowar yadin yana goge gilashin da bakin rigarsa. Ya ɗauko tef ya auna takardar, ya auna firam, ya ce ta yi faɗi da rabin inci. Ya rage gefen da almakashinsa na yadi, wanda ko Auta ba ya bari ta yanka takarda da shi. Ya buga ƙusa a falo, daidai saman keken ɗinki, ya ja da baya ya tambaye ta ko ya miƙe. Ta ce ya ɗan karkata hagu. Ya gyara.

Da la'asar Auta ta dawo daga aiki. Tela bai bari ta ajiye jaka ba, ya jawo ta gaban bango ya ce ta karanta ta ga ko wace ce uwarta. Auta ta karanta layi na farko tana murmushi. A na uku murmushin ya tafi. Ta kai ƙarshe ta juyo ta kalli uwarta, idonta ya kawo ruwa, ta buɗe baki.

"Kin gani, ko?" in ji Tela. "Har kuka ya zo mata."

Uwar Kwalabe ta riƙe idon 'yarta da nata har sai da ta rufe bakin. Sannan ta ce mata akwai tukunya a kan wuta, ta je ta sauke.